Daga Wanke Allo Zuwa Awon Karatu: Tarihin Hujja a Makarantun Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin tambaya guda ɗaya cikin tarihin karantarwa a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, watau yankin nan na yammacin Zamfara wanda Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suka ratsa. Tambayar kuwa ita ce: da wace hujja malami, ko hukumar da ke bisansa, ke tabbatar da cewa yaro ya iya abin da aka koya masa? A 'yan shekarun nan maganar gina koyarwa a kan hujja ta zama ruwan dare a bakin masana ilmi, har wanda bai sani ba sai ya zaci wata baƙuwa ce da ta sauka jiya daga Ingila ko Amurka. Alhali kuwa kowane zamani da irin hujjarsa. Abin da ya bambanta zamunan shi ne wurin da ake ɗebo hujjar, ko a bakin yaro, ko kuwa a kan teburin wani ofis mai nisan kwana da kwanaki daga inda yaron yake. Ra'ayin da zan kare a nan shi ne, duk lokacin da aka ɗebo hujja nesa da yaro, yankin Anka ya sha wahalar hukuncin da aka yanke da ita, kuma tarihin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce ya isa shaida.

Hujjar tsangaya da zaure

Ƙasar Zamfara ba baƙuwar ilmi ba ce. Garin 'Yandoto, kusa da Tsafe, ya yi suna wajen tara malamai tun kafin jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a Zamfara cikin shekarun 1780, ya kuma zauna a Faru. Ita kuwa Anka, a nan ne sarautar Zamfara ta tare a farkon ƙarni na 19, bayan yawon ƙaurar da ta yi tun daga lokacin da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara. Inda duk aka sami fada aka sami kasuwa, to ba a rasa alƙali da limami da makarantar allo.

Ya kamata mu tsaya mu dubi yadda wannan makaranta take aiki, domin sabo da ita ya sa ba mu cika lura da tsarinta ba. Yaro yakan fara da babbaƙu, watau gane baƙaƙe da sunayensu na Hausa, irin su ba guje da ta kuri da lam ara. Sai ya sarrafa su sa'an nan a kai shi ga farfaru, inda zai koyi wasula, daga nan ya shiga haɗa baƙi da wasali yana fitar da kalma. A kowane mataki ƙa'ida ɗaya ce ke aiki: ba a wanke allo sai yaro ya zo gaban malam ya biya karatunsa ba gargada. In ya kasa, rubutun nan yana nan a allonsa gobe, yana nan jibi. Saboda haka a tsangaya guda za a tarar da yara talatin kowa da inda ya tsaya, ɗan shekara bakwai ya wuce ɗan shekara goma, kuma ba wanda zai ce an yi rashin adalci, domin ba shekaru ake dubawa ba. Ko sunayen da ake kiran almajirai da su, kotso da titibiri da gardi, har zuwa alaramma da gwani, duk da suna tafiya da girman jiki a farko, a ƙarshe ƙwarewa ce ke raba su, ƙwarewar da ake gwadawa a bainar jama'a, inda mutum zai rubuta daga ka, wasu mahaddata su zauna suna farautar kuskurensa.

A makarantar ilmi ma haka abin yake. Ɗalibi ba ya tsallake Ahalari ya faɗa Risala don kawai shekara ta zagayo. In ya sauke littafi malaminsa ya gamsu, sai ya ba shi izini, a kuma san daga wa malamin ya karɓa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya wallafa, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Wannan ita ce takardar shaida ta wancan zamani.

Ba ina nufin wannan tsari ba shi da aibu ba. Hujjarsa ta fi ƙarfi a kan furuci da hadda, ta yi rauni a kan fahimta, musamman a shekarun farko. Bulala ta yi yawa. Sa'an nan hujjar tana mutuwa tare da malamin, tun da ba a tara ta a rubuce yadda wani zai kwatanta tsangayar Gummi da ta Anka ya ce wannan hanya ta fi waccan saurin fitar da yaro daga babbaƙu. Amma abu ɗaya ba ya faruwa a cikinsa, shi ne yaro ya shekara shida a gaban malami, malamin bai san cewa bai iya karatu ba.

Zamanin Turawa: rajista da jarrabawa

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, gundumomin Anka da Gummi da Bukkuyum suka shiga ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Ƙidayar da Turawan suka yi a farkon mulkinsu ta nuna akwai makarantun allo fiye da 20,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000. Sun ƙirga makarantun, amma ba su tsaya sun nazarci dabarar da ke cikinsu ba.

Babban hukuncin farko da ya shafi kowane yaro Bahaushe shi ne na zaɓen rubutu. Jama'a suna da ajami a hannu, kuma wasu daga cikin Turawan, kamar Razdan Burdon na Sakkwato, sun fi son a ci gaba da shi. Lugga ya zaɓi boko, Ɗan Hausa kuma, watau Hanns Vischer, ya gina makarantarsa ta Nassarawa a Kano a 1909 a kan wannan zaɓi. Dalilan da suka rinjaya su ne sauƙin aiki ga jami'an mulki da sauƙin ɗab'i. Ba a tara yara an gwada rubutun biyu an ga wanda ya fi saurin shiga kansu ba. Ta haka yaron da ya riga ya san babbaƙu da farfaru ya koma jahili ran da ya taka makarantar elementare.

Tare da boko aka kawo aji, aka kawo zango, aka kawo rajista. Yanzu shekara ce ke ciyar da yaro gaba, jarrabawa kuwa ta zama rariya ta tace 'yan ƙalilan da za su wuce Midil ta Sakkwato, daga can mai rabo ya tafi Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Bukatar hukuma ita ce malaman haraji da na asibiti da na gona da na daji, to da zarar an sami adadin da ake so, ba a damu da abin da sauran yaran suka tashi da shi ba. Duk da haka a yaba wa wanda ya cancanta. Rupert East da abokan aikinsa na Hukumar Talifi a Zariya sun lura da abin da ke faruwa a aji, watau yaro ya koyi haɗa baƙi amma ba shi da abin karantawa, sai karatun ya zube. Wannan lura ce ta haifi gasar rubuta littattafai ta 1933, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya ci moriyar wannan aiki, ko da yake shi ma yawan takardun shaidar da aka raba ya fi ƙirgawa.

Ilmi kyauta na 1976, da hujjar da aka ajiye a gefe

A Sakkwato ne Janar Yakubu Gowon ya yi shelar shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Janairu na 1974, gwamnatin Janar Obasanjo ta fara aiwatar da shi a Satumba 1976, shekarar da aka raba Jihar Arewa maso Yamma aka kafa Jihar Sakkwato. Masu tsara shirin sun yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Ba abin mamaki ba ne, domin an soke ƙidayar jama'a ta 1973, dole aka dogara da hasashe daga ta 1963. Aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa, aka buɗe makarantun horon malamai barkatai, aka gajarta horon, aka ɗebi waɗanda ba su gama ƙwarewa ba aka damƙa musu alli. Ƙauyuka da yawa na yammacin Zamfara a wannan lokaci ne suka fara ganin ginin firamare, wannan kuwa alheri ne da ba za a musa ba. Amma ma'aunin nasara a idon hukuma shi ne yawan kawunan da ke cikin rajista, kuma tun da rabon kuɗi da malamai yana bin wannan adadi, kowa ya san abin da kan sami alƙaluman da ciki ya dogara da su.

Abin takaici shi ne a daidai wannan lokaci akwai hujja mai kyau a cikin ƙasa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokansa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a wata firamare a Modakeke. Aka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarbanci har shekara shida, Ingilishi kuwa ya zama darasi guda a hannun ƙwararren malami, wasu yaran kuma aka bar su a kan tsarin da aka saba na komawa Ingilishi bayan aji uku. Aka bi yaran shekara da shekaru ana aunawa. Sakamakon ya nuna waɗanda aka koyar da harshen gida ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, sun kuma fi su a yawancin sauran darussa. A Arewa, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare tun daga farkon shekarun 1970 da taimakon UNICEF da UNESCO, inda aka shirya kayan aiki da Hausa, aka kuma sa malamai masu yawo suna bin malaman aji har makarantunsu suna gyara musu aiki. Maƙwabtanmu na Jumhuriyar Nijar su ma sun buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Da aka zo rubuta Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, rabin darasin aka ɗauka, aka ce a koyar da harshen gida a farkon firamare sa'an nan a koma Ingilishi. Ko wannan rabin ma, ba a bi shi da isassun littattafai da horon malamai ba. Guguwar yawan yara ta share ƙananan shirye-shiryen nan masu inganci, faɗuwar kuɗin mai a farkon shekarun 1980 kuma ta zo da bashin albashi.

Komawa ga bakin yaro

An kafa Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. A cikin wannan shekara ne aka gudanar da wani awo na ƙasa baki ɗaya a kan yaran aji huɗu, da taimakon UNESCO da UNICEF, aka tarar matsakaicin maki a karatu da lissafi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Gargaɗi ne babba, amma shirin ilmin bai-ɗaya da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato ran 30 ga Satumba 1999, da dokarsa ta 2004, sun fi karkata ga gine-gine da kujeru.

Canjin da ya zo daga baya daga waje ya taso. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara bin gida gida tun 2005 tana miƙa wa yaro takarda guda mai ɗauke da baƙaƙe da kalmomi da ɗan gajeren labari, a ga inda zai tsaya. A Kenya wani bincike ya nuna raba littattafan Ingilishi bai amfani kowa ba sai 'yan ƙalilan da dama can suke kan gaba a aji. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje, waɗanda suka ba Banerjee da Duflo da Kremer lambar Nobel a 2019, aka fito da dabarar raba yara gwargwadon abin da suka iya, a koya wa kowane rukuni daga inda ya tsaya, kada a matsa gaba sai an tabbata. Masu sauraro za su lura cewa gardin da ke tsaron ƙananan almajirai a Bukkuyum bai bukaci a fassara masa wannan dabara ba.

A 2011 aka kawo irin wannan awo jihohin Bauci da Sakkwato da taimakon Amurka. Yadda ake yinsa kuwa, a zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi baƙaƙe, sa'an nan gaɓoɓi, sa'an nan kalmomi da ɗan labari na Hausa, a ba shi minti guda a kowanne, a ƙirga abin da ya karanta daidai, a yi masa 'yan tambayoyi a kan labarin. Abin da aka gano ya girgiza masu mulki: mafi yawan yaran aji uku ba su iya karanta ko da kalma ɗaya ta harshen da suke mafarki da shi ba. Hausa kuwa tana cikin harsuna masu sauƙin koyon karatu, domin kusan kowane baƙi da sautinsa guda, gaɓoɓinta kuma ba su da sarƙaƙiya. Ashe laifin ba na harshe ba ne, ba kuma na yara ba.

Zamfara ta shiga wannan sahu ta hanyoyi biyu, duka da kuɗin Ingila. Na farko shi ne shirin kyautata aikin malamai da aka fara a 2013 a Jigawa da Katsina da Zamfara, wanda binciken share fagensa ya nuna malamai ƙalilan ne ke da cikakken sanin abin da suke koyarwa, kuma lokaci mai yawa na darasi yana salwanta. Na biyu shi ne shirin RANA da aka fara a 2015 a Katsina da Zamfara ta hannun UNICEF, domin koyar da karatun Hausa da lissafi daga aji ɗaya zuwa uku a firamare da makarantun Alƙur'ani da aka haɗa da boko. An ba malami jagora mai darasin kowace rana, an ba yaro littafinsa na kansa, an sa masu bibiya suna shiga aji. Wanda ya san shirin Zariya na shekarun 1970 zai ga an sake haƙa rijiyar da aka bari ta cike ne.

Hujjar da ke cikin jini

A nan ne tarihin Anka da Bukkuyum ya rabu da na sauran wurare, kuma a ganina duk mai maganar hujja a makarantun wannan yanki bai fara ba in bai tsaya a nan ba.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, waɗanda ke zagayen sa ido a kan sanƙarau, suka lura ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka, bayan amai da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu komai. Da aka auna jini sai aka gano gubar dalma ce. Tsadar zinariya ta sa jama'a sun duƙufa ga haƙo, duwatsun da ake haƙowa kuwa suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A watan Mayu na wannan shekara masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka bi gida gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna da dalma maikirogiram 45 ko fiye a kowane desilita na jini, matakin da ke bukatar magani ke nan. A lokacin, 10 ne adadin da Amurka ke ɗauka abin damuwa, daga baya ma aka rage shi zuwa 5 a 2012, aka sake rage shi zuwa 3.5 a 2021. Na'urar awon da aka zo da ita iyakarta 65, jinin yara da yawa kuwa ya zarce abin da take iya karantawa. An ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu.

Daga 2010 zuwa 2011 aka kankare gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa a ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Sunke, Tungar Daji da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, kuma ba a iya fara ba yara magani kafin a gyara ƙasar, don in an wanke jinin suka koma gida sai gubar ta sake shiga. Zuwa ƙarshen 2021 likitocin nan sun auna yara fiye da 8,000, a farkon 2022 suka miƙa aikin ga hukumomin jiha.

Me ya haɗa wannan da aji? Maganin da ake bayarwa yana fitar da dalma daga jini ya ceci rai, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Tun a 1979 wani likitan Amurka, Herbert Needleman, ya tara haƙoran da 'yan firamare suka famɓare a wasu garuruwa biyu kusa da Boston ya auna dalmar da ke ciki, ya kuma sa malamansu suka bayyana halin kowane yaro ba tare da sun san sakamakon awon ba. Aka tarar gwargwadon yawan dalma, gwargwadon yadda malamai ke cewa yaron ba ya natsuwa, ba ya bin umurni, ba ya gama aiki. Da aka sake bin yaran bayan shekara 11, masu dalma da yawa sun fi fama da matsalar karatu da barin makaranta. Waɗannan kuwa yara ne da ba su taɓa nuna alamar ciwo ba, abin da ke jikinsu bai kusanci na yaran Dareta ba.

To, a yi lissafi. Yaran da ba su kai shekara biyar ba a 2010, su ne suka isa shiga aji ɗaya tsakanin 2011 da 2016. Malamin da ya karɓe su a Abare ko Bagega yana da rajista mai gurbin suna da shekaru da zuwa ko fashi, ba ta da gurbin abin da likita ya sani. In yaro ya kasa riƙe gaɓa uku a jere, ko ya kasa zama wuri ɗaya, fassarar da ta fi kusa da hannu ita ce daƙiƙi ne ko kuwa taurin kai gare shi, maganin da ya fi kusa da hannu kuma kowa ya san shi. Hujja tana nan a rubuce, da sunan yaro da sunan ƙauyensu, amma a fayil ɗin asibiti take, allon aji kuwa yana ƙarƙashin wata ma'aikata dabam. Irin wannan yaro yana iya koyon karatu, sai dai yana bukatar ƙaramin rukuni, da gajeren darasi, da maimaici mai yawa, da malamin da ya san dalilin jinkirinsa.

Makarantar da ke rufe, da hukuncin 2025

Kafin a gama da wannan sai ga masifar 'yan bindiga. Ƙauyuka suka watse, garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe a ƙasar Talata Mafara, a Satumba kuma, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, aka rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya. A Janairu 2022 aka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Wannan yana da illa ga hujjar kanta, domin masu awo ba su zuwa inda hanya ba ta biyuwa, sai alƙaluman da ake kira na jiha su zama na garuruwan bakin titi.

Cikin wannan hali ne aka yanke hukunci biyu a Abuja. A Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koyar da harshen gida har shekara shida na firamare, abin da gwajin Ife ya nuna tun shekarun 1970. A Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe, ya kuma kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar gama sakandare da ta shiga jami'a a wasu shiyyoyi. Da sunan hujja aka yi, don haka ya halatta a auna ta da ma'aunin hujja. Ɗalibin da ya zauna jarrabawar gama sakandare a 2025 ya shiga aji ɗaya ne wajen 2013, ya bar firamare wajen 2019, shekara uku kafin a amince da manufar da aka ɗora wa laifin faɗuwarsa. In kuma tsohuwar manufar 1977 ake nufi, to awon 2011 ya riga ya nuna yaran ba su iya karanta Hausar ba balle a ce ita ta cika musu ciki. Sa'an nan shiyyoyin da ake magana su ne kuma masu ƙarancin ƙwararrun malamai, masu yawan talauci, masu makarantu a rufe. Jarrabawar da aka zauna a ƙarshen shekara 12 ba ta iya tsince wanne daga cikin waɗannan ya kayar da ɗalibi. Yaran Tungar Daji da yawa ma ba su kai zauren jarrabawar ba.

Akwai aikin da ke jiran mahalarta wannan taro, musamman na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilmi ta Maru da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yaran da aka yi wa maganin dalma daga 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu har sun yi aure, ƙannensu kuma suna firamare da tsangaya a Anka da Bagega da Bukkuyum. Da izinin iyaye da na hukumar lafiya, ana iya haɗa awon jininsu na wancan lokaci da awon karatunsu na yau, da boko da ajami duka, a san nawa suka shiga makaranta, a wane aji suka tsaya, wace hanya ce ta fi karɓar waɗanda suka jure. Kayan aikin awon karatun bai wuce takarda huɗu da agogo ba, yaro guda kuma ba ya cin fiye da minti goma sha biyar.